Tsamiya a Cikin Kasko

Zuwa ga Malam, baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin rahamarsa, ko a bayan ƙasa kake ko a cikinta. Ni ce Binta, ta gidan bayan gari a Roni. In ka tambayi lafiyarmu, sai godiya. Gwiwa ce dai ta ƙi, ido kuma ya soma hazo.

Ban san inda zan aika maka ba. Jikarka, 'yar wajen Ummi, ita ta ce in riƙa faɗa tana rubutawa, za ta sa a inda jama'a ke karantawa a waya. Da da ƙuruciya ne, kunya ba za ta bar ni ba, amma wadda ta haura saba'in me ya rage mata? Sunanka ne kawai har yau bakina ba ya iya kamawa. Masu karatu sai su yi haƙuri da Malam.

Ana tsakiyar yaƙin basasa aka kawo ni gidanka. A lokacin Ɗan Japan ake ce maka a gari. Ka yi aiki a wata masaƙa a Kaduna da ke hannun mutanen Japan, kuma bayan samun mulkin kai ba da daɗewa ba suka ɗebe ku, ku samari, suka kai ku ƙasarsu koyon injin saƙa. Ka ce a gidan wani tsoho aka sauke ka, ba ka jin yarensa ba ya jin naka, kullum da sassafe sai ya miƙo maka manjagara ya yi maka nuni da bayan gidansa. Da hargitsi ya tashi a Kaduna ka tattaro ka dawo gida, ka kafa rumfar gyaran keken ɗinki da injin niƙa a bakin kasuwa. Abin da ka gani a hargitsin Kaduna ba ka taɓa gaya mini ba. Iyakarka ka dafe kunne ka ce, "Ƙarar masaƙa ta biyo ni, Binta. Tana nan ciki."

Ranar da na fara leƙa bayan ɗakinmu ina amarya, na zaci zan ga kuɓewa da yakuwa da ɗan lalle, kamar bayan ɗakin kowa. Sai na ga farin yashi shimfiɗe, tankaɗaɗɗe kamar garin tuwo, an ja masa layi-layi. Ga manyan duwatsu a tsakiya, wani a tsaye, wani a kwance, layukan suna zagaye su kamar yadda ruwa ke yi in an jefa tsakuwa. A gefe ka kafa rabin duro, ruwa na ɗiga daga cikinsa zuwa wata sandar gora da ka rataya. In ta cika sai ta sunkuya ta zubar, ta koma ta bugi dutse, ƙwal. A yi shiru. Can kuma, ƙwal.

Na tambaye ka me ake ci a ciki. Ka ce, "Ba a cin komai. Zama ake yi."

Sai tsamiyar. Tsamiya ce sosai, da ganyenta da ɓawonta, amma tsayinta bai kai gwiwa ba, tana zaune cikin kasko a kan wani faffaɗan dutse. Ka nannaɗe rassanta da wayar tagulla, ka lanƙwasa su yadda kake so, kana datse mata saiwa da almakashi. Na ce maka duk itatuwan duniya ka rasa wanda za ka kawo cikin gida sai tsamiya, ba ka san abin da ake cewa yana zama a kanta ba? Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce, "In ma da mai zama a kan wannan, ai sai dai ɗan yaye."

Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina tofa addu'a in zan wuce ta gabanta.

Amma mun ji daɗi a wurin nan, Malam. In ka dawo daga rumfa bayan la'asar sai ka yi alwala, ka ja manjagarar katakon da kafinta ya yi maka, kana tafiya da baya kana share sawunka. Ni kuma ina bakin tabarma ina tsince shinkafa. Ba ma wata hira, amma a wurin ne kaɗai nake ganin kafaɗunka sun sauka. Ranar da Ummi ta fara tafiya ta ratsa yashin nan tun daga wannan gefe har wancan, na taso a guje zan ɗauke ta, ka ɗaga mini hannu. Ka bi sawunta ɗaya bayan ɗaya kana zagaye su da layi. Ka bar su har iska ta share da kanta.

Mutanen gari a lokacin dariya suke yi. Wasu har roƙo suke a bar su su leƙa. Su ce boko ne da yawon duniya, Ɗan Japan yana noman dutse. Yaya Sale, wanka uwa ɗaya uba ɗaya, wanda katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasa, yakan leƙo ya ce, "Manomi, yaushe za a yi girbi?" Kai ma ka yi dariya.

Shekarar da aka daina fam da sule aka fito da naira, dariyar ta ƙare.

Daminar da ta gabata ma da ma ba ta yi albarka ba. Wannan kuwa lokacin shuka ya zo ya wuce, sama fes. Rediyo na ta ba da labarin arzikin man fetur, wai ƙasa ta yi kuɗi, masu zuwa Kazaure suna dawowa da labarin sababbin motoci a kan hanyar Daura, mu kuwa idonmu na sama. Aka ɗan sami yayyafi, mutane suka zuba iri, rana ta ƙone shi a cikin ƙasa. Aka sake, ya sake ƙonewa. Guga ya soma fitowa daga rijiya da taɓo.

Tun kafin kowa ya yi magana ka kife duron nan, ka cire sandar gora ka jingine a ɗaki. Tsamiyar kuwa ruwan alwalarka kake tara mata a kwano. Ni shaida ce, ko ludayi ɗaya ba ka ƙara mata a kan haka ba. Amma akwai matan unguwa da suka rantse da Allah suna jin bugun goran nan ta bayan katanga, ƙwal, ƙwal, alhali yana jingine a bayan ƙofata ya yi ƙura.

Sai Fulani suka fara gangarowa daga arewa, da Buzaye, da shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Suna tafiya suna barin mushe a hanya. Ungulaye suka cika gari. Da yake gidanmu ne na ƙarshe kafin tsauni, a kan katangarmu suke sauka, su jeru suna kallon cikin lambunka. In na kore su, su ɗan tashi su dawo. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna nuna su da baki.

Ka tuna mai amalanken da ya ɗauko maka duwatsun daga tsauni? Wai ranar da kuke sauke babban, ka ce masa, "Juya shi, ba nan ce fuskarsa ba." Shekara da shekaru maganar na cikinsa, bai ga abin faɗa a cikinta ba. Sai a wannan shekarar ya tuna. Kafin kasuwa ta sake ci, babu gidan da ba a san cewa duwatsun Ɗan Japan suna da fuska ba.

Ana cikin haka wani baƙo mai duba ya sauka a kasuwa. Ba wanda ya san daga inda ya fito. Ya buga ƙasa ya ce, "A garin nan akwai wanda ya ɗaure itacen iska. Sai an kwance shi sama za ta kwance." Bai kama sunan kowa ba. Ba sai ya kama ba.

Aka fita roƙon ruwa, maza da yara da tsofaffi, kai ma ka fita da su. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ƙasa. Muka fitar da tukwane da kwanuka tsakar gida. Ya taho, ya taho, ya zo kan tsauni, sai ya tsage biyu ya watse. Ina tsaye da tulu a hannu na ji muryar wata mata daga can cikin unguwa tana cewa, "Kun gani ko? Daidai kan gidan."

Daga ranar in na isa rijiya sai hira ta mutu. Wadda muke wanki tare ta ɗauke kwanonta ta matsa. Rumfarka ta koma wurin kwanan awaki, masu keken ɗinki suka gwammace su ɗauka har Kazaure. Ka dawo daga masallaci wata rana, da na matsa maka da tambaya sai ka ce, "Sahu ya cika, amma dama da hagu na babu kafaɗa." Wata safiya kuma na buɗe ƙofar zaure na tarar an binne wani abu a bakin dokin ƙofa, ƙasar wurin sabuwa. Ban tona ba. Na tsallake, na yi ta tsallakewa har muka bar gidan.

Kai kuwa sai ka ƙara shigewa lambun. Tun da hantsi kana ja, ka share, ka sake ja. Layukan da a da suke tafiya a sake suka koma matsattsu, suna ta zagaye dutse ɗaya. In na kawo abinci sai na yi sallama sau da yawa kafin ka ɗago. Ina da cikin wata biyar a lokacin. Ina jin tsoron mutanen gari, kuma, Allah ya sani, na fara jin tsoron shirunka.

Liman ya zo da kansa, Allah ya jiƙansa. Ya cire takalmi, ya zagaya, ya tsuguna gaban tsamiyar ya daɗe yana kallo. Ina daga ɗaki ina jin ku. Ya ce, "Ni dai ban ga shirka ba. Yashi na gani da dutse, da itacen da aka wahalar. Ruwa na hannun Allah, na faɗa a huɗuba zan kuma sake faɗa. Amma Malam, mai jin yunwa ba ya jin karatu."

Bayansa Yaya Sale ya shigo, ba sallamar kirki. Shanunsa sun soma faɗuwa, irinsa ya ƙare a ƙasa, ga iyali. Bai zauna ba. Ya ce, "Ko ka kwashe da hannunka, ko a kwashe maka. In aka zo da wuta, ba za ta tambayi wace katanga ce tawa ba." Ka ce masa, "Yaya, kai ma ka yarda?" Ya ce, "Yardata ba ta da amfani."

Washegari da hantsi Ummi ta fita wasa ƙofar gida, ta dawo tana ihu, jini ya rufe mata ido. Yara ne suka jefe ta, suna kiranta 'yar mai ɗaure ruwa. Shekarunta ba su fi biyar ba. Na wanke mata goshi, na ɗaure da tsumma, na goya ta a kan cikin nan nawa har ta yi barci. Sannan na zagaya bayan ɗaki, na tsaya a bakin yashin, hannuna ko wankewa ban yi ba. Na ce, "Malam, duwatsu ne fa kawai. Ka bari su kwashe."

Ka daɗe kana kallon hannuna. Sannan ka jingine manjagarar a jikin katanga, ka ce, "To."

Bayan sallar Juma'a suka zo. Abin da ya fi ba ni tsoro, ba su zo da hayaniya ba. Sallama suka yi a zaure, aka ce mata su shiga ɗaki, suka shigo a jere da fartanya da diga da kwanduna, kamar masu zuwa haƙar kabari. Duk na san su. Akwai wanda ka gyara wa inji kyauta, akwai wanda ya ci tuwon sunan Ummi. Ba wanda ya kalli fuskarka. Ta tagar ɗaki nake hangen komai.

Da suka fara tono sai suka tarar kowane dutse abin da ke binne ya fi abin da ke waje. Wannan ya ƙara tsorata su. Suka yi ta haƙa a ƙarƙashi suna neman abin da ka ɓoye, rami har ƙugu, ba su sami komai ba sai wata kunama. Wani ya ce ai an riga an ɗauke. Suka mirgina duwatsun waje, suka kwashe yashin a kwanduna suka watsar a bola.

Tsamiyar ce ba wanda ya yarda ya taɓa. Suka yi cirko-cirko. Sai Yaya Sale ya matso. Kai da kanka ka shiga ɗaki ka ɗauko masa filaya daga akwatin aikinka, ka miƙa masa, ka ce, "Yi a hankali, Yaya, kada ka karya reshen." Ya tsuguna yana warware wayar, mutane na kabbara ƙasa-ƙasa. Da ya gama sai aka ga rassan ba su miƙe ba. Suna nan a lanƙwashe yadda ka koya musu. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ba ta kwance ba!" Nan take aka fasa kaskon, aka ja ta ƙofar gida, aka zuba mata kananzir. Ɗanyen itace ne, ya daɗe yana hayaƙi.

Malam, da a nan abin ya tsaya, ina jin da mun rayu. Da ka yi baƙin ciki, da ka huce, da wataƙila mun koma Kazaure ko Kano mun sake sabon zama.

Ba a rufa mako ba ruwa ya sauka.

Da tsakar rana ya zo, kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki guɗa, yara suka fita tsirara suna tsalle, mata na tara tukwane suna kuka. Kafin ya ɗauke mutane sun cika zaurenmu, jiƙe sharkaf, suna yi maka barka. Ina jin su. "Allah ya saka da alheri, Malam, ka taimaki gari." "Ai da ma mun san ba da gangan ka yi ba." Mai amalanken nan har da kawo goro.

Da suka watse na neme ka ban gan ka ba. Na zagaya baya. Kana tsaye cikin ruwan, ba hula, ramukan da suka tona sun cika sun zama jan taɓo. Na kira ka, ka juyo. Ban taɓa ganin idonka haka ba. Ka ce, "Binta, ko dai gaskiyarsu ne?"

Na ce ka yi istigfari, ruwa na Allah ne, lokacinsa ne ya yi. Ka gyaɗa kai. Amma na ga maganata ba ta shiga ba.

Daga nan ƙarar masaƙar nan ta dawo maka gaba ɗaya. Mutane suka dawo da injinansu rumfa, har da layi, amma da an tayar da inji sai ka toshe kunne ka fita. A gida ka rasa wurin zama. Ka zauna a zaure, ka tashi, ka zagaya baya, ka tsaya a bakin ramukan, ka dawo. Abinci sai ka sa hannu ka cire. In Ummi ta zo jikinka sai ka tsura wa tabon goshinta ido har ta tsargu ta gudu.

Wata safiya ka yi wanka, ka sa shuɗiyar rigarka, ka ce za ka Kazaure sayen kayan inji. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a sayo mana gishiri. Ka ce to. Ko akwatin aikinka ba ka ɗauka ba.

Ban sani ba ko labari ya kai maka, amma ruwan nan daga shi ba a sake yin na kirki ba. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Aka yi yunwar da har yau tsofaffi ba sa son tuna ta. Mai duban ya ɓace tun kafin a neme shi. Ba wanda ya zo zaurenmu ya ce an yi kuskure. Waɗanda suka yi maka barka, in sun hango ni sai su canja hanya. Na so a ce kana nan ka ga geron nan yana bushewa, Allah ya gafarta mini, don kawai ka san ba kai ba ne.

An neme ka. Yaya Sale ne ma ya shige gaba. Ya je Kazaure, ya je Kano ya zagaya asibitoci, ya je Kaduna har ƙofar masaƙar, ya kai cigiya gidan rediyo aka yi ta faɗa. Aka taɓa aiko mana an tsinci gawa a gindin wani tsauni wajen garin Gwiwa, ya je ya duba, ya dawo ya ce ba kai ba ne. Kuma shi ya riƙe mu. A shekarar da mutum ke ɓoye wa ɗan'uwansa tsaba, duk abin da aka auna a gidansa sai an raba da mu. Na riƙa cewa a raina, ko me ya yi ranar Juma'ar nan, ya biya.

Na haifi namiji. Ranar suna aka raɗa masa Yusufu, amma dangi suka fara kiransa Audi, sunan da ake ba yaron da ubansa ya rasu ya bar shi a ciki. Ina jego na fito tsakar gida na ce duk wanda ya sake kiransa haka ya nuna mini kabarin. Ba a sake ba. Yusufu yanzu shi ma ya yi furfura. Hannuwanka ne da shi sak, har yadda yake riƙe cokali.

Na jira shekara huɗun da shari'a ta tanada. Alƙali ya yanke, na yi maka takaba ba gawa. Daga baya na auri wani mai sayar da hatsi a Kazaure, mutumin kirki, ya riƙe 'ya'yanka kamar nasa, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ba zan ce maka na yi rayuwar baƙin ciki ba, don ƙarya ne. Na yi dariya, na aurar, na je Makka, na ga jikoki. Amma "to" ɗin nan da ka ce mini a bakin yashi bai taɓa barina ba. Ko yau aka mai da ni ranar, da jinin Ummi a hannuna, abin da zan faɗa ke nan. Duk da haka ina ta tambayar kaina, shin da kowa ya juya maka baya, maganata ce ta ƙarasa ka? Shin da fushina ka tafi?

Kafin azumin bana aka aiko Yaya Sale na kwance, yana nemana. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, sai dai hankalinsa garau. Yusufu ya kai ni Roni. Da muka shiga ya sa kowa ya fita, ya ce Yusufu ya tsaya.

Ya ce ranar da ka bar gida shi yana kasuwar Babura, ya kai saniyarsa ta ƙarshe. Da ya ratsa ta tasha sai ya hango shuɗiyar riga a saman wata babbar mota mai tsallaka iyaka, a kan buhuna. Duk duniya na gudowa kudu, kai kaɗai ka fuskanci arewa. Ya kira ka, ka waiwayo, kun ga juna sosai. Ya ce da ya ce maka sauko, ya san za ka sauko, don ba ka taɓa yi masa musu ba. Ya ce, "Amma sai na ce a raina, in ya tafi gari zai manta da mu." Ya tsaya yana kallonka har direba ya tayar da mota.

Ya ce a nan ka sunkuyo ka ce masa, "Yaya, ka ce wa Binta ba ita ba ce. Kaina ne ya ƙi. Ka ce ta yafe mini."

Ya dawo gida da maganar a bakinsa, ya ga in ya faɗa dole a tambaye shi me ya hana shi riƙe ka. Sai ya haɗiye. Ya yi ta kai mu Kano da Kaduna alhali ya san ba can ka nufa ba. Shekara hamsin da ɗoriya, Malam, muna gaisawa da shi, yana ɗaura wa 'ya'yanka aure.

Ya nemi gafara yana kuka irin na tsofaffi, ba hawaye. Yusufu ya tashi ya fita. Ni kuwa na zauna har aka kira la'asar. Na tuna tsabar da ya raba da mu, na tuna hanyar Kaduna. Na ce masa haƙƙina na yafe, na yaran kuma yana hannunsu, naka kuwa ku ne za ku haɗu. Kwana kaɗan bayan haka ya cika. Yusufu ya halarci jana'izar, a sahun baya.

Bayan salla Yusufu ya tafi Babura, ya canji kuɗi zuwa sefa, ya tsallaka iyaka, ya yi ta bin garuruwa yana tambayar tsofaffi. Kowa ya ce masa shekarar nan baƙi sun yi yawa, waɗanda suka wuce da waɗanda aka binne ba suna. Ya dawo hannu rabbana.

To, Malam, saƙonka ya iso. Ya daɗe a hanya, amma ya same ni da raina. Na ji, ba ni ba ce. Na kwana biyu ina maimaita wa kaina kamar mai koyon karatu.

Ga amsa. Na yafe maka, duniya da lahira. Da ma ban taɓa riƙe ka ba, jira kawai nake a tambaye ni. Kai ma ka yafe mini.

Ya Allah, in bawanka yana raye a wani gari da ba mu sani ba, ka sa yana hannun masu tausayi, ka sa akwai mai miƙa masa ruwa. In kuwa ka karɓe shi, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka saka wa waɗanda suka yi masa sutura ba su san sunansa ba. Ka gafarta wa Yaya Sale, ka sanyaya zuciyar Yusufu. Ka kare garuruwanmu daga fari, da abin da fari ke sa mutane su aikata. Amin.

Ummi na gaishe ka. Jikoki na gaishe ka, har da waɗanda ba su san da kai ba sai yau.

Wassalam. Ka huta lafiya.

Taka,
Binta